Ranar da Tungar Rami Ta Musanta Uwarta

Ku gyara zama, labarin Tungar Rami ne. Ba shi da daɗi, amma akwai wuraren da dariya za ta kuɓuce muku, kada ku riƙe ta.

Tungar Rami tana tsakanin Ƙaura da Zurmi, in an sauka daga kwalta an bi burtali har ƙafa ta gaji. Duk garin da ke ƙasar nan yana da wanda ya sare shi: wani maharbi, wani malami, wani ɗan sarkin da ya yi fushi. Ita Tunga ba ta da ko ɗaya, rami ne ya haife ta. Zamanin Turawa, bayan jirgi ya iso Ƙaura, wani kamfani ya shinshino zinari a wurin, ya kafa bariki, ya tara leburori daga ko'ina. Akwai Zabarmawa, akwai Dakarkari, akwai Buzaye da Katsinawa, akwai kuma waɗanda in ka tambaye su garinsu sai su tambaye ka ko kai ɗan doka ne. Maza na haƙa, mata na ɗaukar ƙasa a kwano zuwa wurin wanki. Inda leburori sunka taru kuwa, ba sai an aika wa goge da caca goron gayyata ba.

Mai riƙe da barikin nan ba Bature ba ne, wata mace ce, Gimbiya. Ba ɗiyar sarki ba ce, ita ta raɗa wa kanta sunan, kuma ba a haifi wanda zai ce mata don mi ba. Ita ce magajiyar matan bariki. Ita ke dafa burkutu a tukwane goma sha biyu, ita ke raba faɗa, ita ke sa a yi wa wanda rami ya rufta wa sutura. Da yaƙin Bama ya zo, wato yaƙin duniya na biyu, kamfani ya naɗe kayansa, leburori sunka watse kamar kasuwar da ta ga hadari. Waɗanda ba su da gidan komawa sunka tsaya wurin Gimbiya. Damina ta cika ramukkan da ruwa, babban cikinsu, Ramin Bature, ko da bazara ba ya ƙafewa. Gimbiya ta kife tukwanenta, ta ce tunda zinari ya ƙare a shuka albasa. Ta raba bakin ramin, kowa da lambunsa, kowa ya kafa jigo.

Haka bariki ya zama gari. Ƙaramin gari ne, gida arba'in da 'yan kai, makaranta aji biyu. Amma albasar Tunga har kasuwar Shinkafi an san ta. Ita ce tuwo, ita ce sutura, ita ce sadaki. In ka ɗauke lambunan nan, abin da ya rage a Tunga tsakuwa ce da kunamu.

Mai garin a lokacin da nake faɗi, Balarabe ne, jikan Gimbiya ta wurin ɗiyarta Yalwa. Dogon mutum, mai tsabta, mai son a ce ya yi daidai. Ubansa lebura ne. An ɗaura aure, wannan ba shakka, sai dai ango da shaidu duk jirgi ɗaya ya kwashe su, ba a bar wanda za a tambaya ba. Tun Balarabe na yaro in ya je kasuwar Marke, garin da ke maƙwabtaka da su, ake bin shi da kiran jikan goge. Ya girma, ya yi gemu, ya je Makka, amma in ya ba da baya sai ya ji wani na kwaikwayon kukan goge da baki.

To da Shari'a ta zo, ba wanda ya kama ta da hannu biyu kamar Balarabe, kuma tsakani da Allah ya kama. Ya je Gusau ranar ƙaddamarwa, ya dawo murya a dushe. Washegari ya shiga bayan ɗakin uwarsa da taɓarya, ya farfasa tukwanen Gimbiya guda biyar da sunka rage.

Inna Yalwa na zaune tana kallo. Tsohuwa ce 'yar firit, haƙori uku, baki kamar aska. Da yake a bariki ta tashi, ba ta san alkunyar ɗan fari ba, gatsal take kiran sunansa.

"Balarabe," ta ce, "shekara arba'in kaji ke ƙwai cikin tukwanen ga. Su ma bulala za a yi musu?"

"Inna, zamani ya canza."

"Awo. Sai ka gaya wa kajin."

Ana nan, sai takarda ta zo daga Gusau. Tun da anka ba mu jiha tamu ake ta sabon yankan ƙasa, ana ƙara hakimai. Takardar ta ce nan da mako uku kwamiti zai zo, kowane ƙauye ya kawo tarihinsa a rubuce. In Tunga ta nuna a ƙasarta take zaune, za a ba ta hakiminta. In ba ta nuna ba, za a sa ta ƙarƙashin Marke. Shi kuwa hakimin Marke, Alhaji Maiwada, ya daɗe yana faɗi a majalisa cewa bakin Ramin Bature gandun kakanninsa ne, aro anka ba baƙi. Yana da 'ya'ya da surukai sun sayi injin ban-ruwa sababbi fil, ba su da ruwan da za su ja. Kowa a Tunga ya san in Marke ta hau kansu, lambuna sun tafi.

Balarabe ya kira malamin makaranta, Malam Muttaka, mutumin Ƙaura, shekararsa biyu a garin. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da anka gaya mishi gaskiya ne a wurinsa. Balarabe ya ce mishi ya rubuta tarihin Tunga. Malam Muttaka ya tambayi wa ya fi kowa tsufa, anka nuna mishi Inna Yalwa. Ya yi kwana uku yana zuwa da biro. Tsohuwa ta samu abin da take so, ta zuba mishi komai, har da waƙar da ake yi in an ci caca.

Ranar huɗu ya zo zauren mai gari, dattawa bakwai na zaune, ya fara karantawa.

"An kafa Tungar Rami a matsayin barikin leburori. Shugabar farko ita ce Gimbiya, magajiya, wadda ta shahara wurin dafa..."

"Tsaya nan, malam." Balarabe ya ɗaga hannu. "Wanga abu za ka karanta gaban mutanen Gusau?"

"Ranka shi daɗe, haka Inna ta faɗi."

"Gaban Maiwada? A wanga zamani?"

Wani dattijo ya ce, "Rawani za a naɗa, malam. Ka taɓa ganin an naɗa rawani bisa tukunyar giya?"

Wani ya ce, "Ni dai kada a sa sunan tsohona. Ya tuba kafin shi rasu, kowa shaida ne."

Kowannensu yana da abin da ba ya son a tono. Wannan kakansa shi ke riƙe da tabarmar caca, wancan uwarsa ta zo bariki ba da miji ba. Shari'a ba ta ce kowa shi canza kakarsa ba, su dai sunka ga kamar haka za ta fi son su. Sai Balarabe ya tuna da wani tsohon kabari da ke kan tudu bayan gari, an kewaye shi da duwatsu, ana ce mishi Kabarin Malam. Tun kafin kamfani yake nan, ba wanda ya san mai shi.

"Ga wanda ya sari gari," ya ce. "Malami ne, ya zo da almajiransa da iyalinsa, mu ne zuriyarsa. Leburori baƙi ne, sun zo sun tafi. Sunansa kaɗai za ka binciko."

Malam Muttaka ya ce, "Ranka shi daɗe, in an tambaye ni..."

"Ba kai za a tambaya ba. Ni zan sa hannu."

Ina malam zai binciko suna? Ranar kasuwar Marke ya hau kekensa ya tafi, ya sami tsofaffin garin a rumfar masu goro, ya tambaye su ko sun san mai kabarin tudu. Tsofaffi sunka dubi juna. Sunka ce ƙwarai kuwa, Malam Abdulhadi ke nan, waliyyin Allah, ya hardace, ya rubuta, damisa ma sunkuyar da kai take in ta gan shi. Har fura sunka saya mishi. Mutumin Marke ya saya wa mai aikin Tunga fura! Ko akuya aka yi wa haka ta tsaya ta shinshina. Malam Muttaka ya sha, ya gode, ya dawo yana murna.

Tarihi ya fito shafi shida, an buga shi da keken rubutu a Ƙaura. Ko kalmar zinari sau ɗaya ta fito, a can ƙasa, kamar tari. Balarabe ya sa an karanta mishi sau uku. A karo na uku idonsa ya kawo ruwa, don ya fara jin kamar ya tuna Malam Abdulhadi.

Saura abu ɗaya, bakin Inna Yalwa. Ranar da kwamiti zai zo, da hantsi, ya shiga wurinta ya durƙusa.

"Inna, an aiko daga Shinkafi. Ƙawarki Kulsumu ba ta da lafiya, tana ta kiran sunanki."

"Kulsumu? Wadda ta ci tuwon suna a nan makon jiya har tana neman ƙari?"

"Ciwo ba ya sallama, Inna. Ga mota can za ta kai albasa, na ce a ba ki gaba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Riga ce sabuwa a jikinsa, shuɗiya, sai ƙamshin turare yake.

"Yau baƙin ke zuwa ko?"

"Maganar maza ce, ba daɗewa za su yi ba."

"Ni na ɗauki ƙasar ramin ga a kaina ina 'yar shekara tara. Duba nan." Ta zame ɗankwali, ta nuna mishi tsakar kanta inda gashi bai sake fitowa ba. "In takarda suke so, ga ta."

"Inna, don Allah rufe kanki."

Ta rufe. Ta ɗauki sandarta da ƙullin goronta. A bakin ƙofa ta ce, "Zanen aro ba ya rufe katara, Balarabe. Amma tunda kai ne mai gari, ɗaura."

Mota ta tafi da ita. Balarabe ya ji kamar an sauke mishi buhu daga ka.

Bayan azahar kwamiti ya iso, mutum uku a farar mota. Anka shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, wato dalbejiyar makaranta, anka fito da tebur da kujeru. Shugabansu Alhaji Misbahu ne, tsohon ma'aikacin ƙasa tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, mai tabarau kamar gindin kwalba, ba ya gaggawa. Alhaji Maiwada ya zo da mutanensa kamar ashirin, ya zauna gefe yana jan carbi, wata tsohuwar gafaka a cinyarsa. Duk Tunga ta fito, mata na leƙe ta kan dangar makaranta.

Malam Muttaka ya miƙe ya karanta. Da ya zo wurin damisa, mutanen Tunga sunka yi kabbara. Balarabe ya saci kallon Maiwada, ya ga yana gyaɗa kai, har da cewa "haka ne, haka ne." Ya ɗauka kunya ce ta kama shi.

Alhaji Misbahu ya karɓi takardar. "Mai gari, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe."

"Duk kun yarda da abin da ke ciki?"

Dattawa sunka ce sun yarda.

Alhaji Misbahu ya jawo wani fayil da ya yi ja don tsufa, ya buɗe a hankali kada ya karye. "Kafin mu zo na sa an duba mini tsofaffin takardu. Na sami wannan. Ta ce lokacin da kamfani zai tashi, ƙasar da ya riƙe, da ramukka da abin da ke kewaye da su, an bar ta ga leburorin da sunka zauna da zuriyarsu, a hannun wata mace." Ya kai takardar kusa da hanci. "Gimbiya. An rubuta, magajiyar matan bariki, mai dafa giya. To ban ji sunanta cikin tarihinku ba. Akwai jininta a nan? Ko jinin leburorin?"

Daga bayan mutanen Marke wani ya ja kukan goge da baki, siriri, anka yi ƙus-ƙus da dariya.

Balarabe ya fahimci abin da takardar ke nufi, ba wawa ba ne. Kalma ɗaya ce, ya ce ga ni. Amma yanzun nan anka gama kabbara, yanzun nan ya ce sa hannunsa ne. Ya dubi dattawa, kowa ya sami abin kallo a tabarma. Ya lissafa a ransa: tarihin malam ya karɓu, Maiwada da kansa ya ce haka ne, kabari ya girmi kamfani, to mi zai sa ya tuɓe gaban duniya alhali rawani na tafe?

"Ranka shi daɗe," ya ce, "mun ji labarin wagga mata. Baƙuwa ce. Ita da mutanenta sun watse tun zamanin yaƙi."

"Ba ta bar kowa ba?"

"Ba mu san ta bar kowa ba."

Alhaji Misbahu ya cire tabarau, ya dubi taron. "Jama'a, da wanda zai ce wani abu?"

Wani tsoho ya yi tari, ɗansa ya taɓa mishi gwiwa, tarin ya tsaya. Ta kan danga wata mace ta ce "Innalillahi," anka ce mata ta yi shiru. Alhaji Misbahu ya jira, ya ƙara jira, sa'annan ya ce wa magatakarda ya rubuta. Ya rufe fayil.

"Hakimin Marke, kana da magana?"

Alhaji Maiwada ya miƙe, ya gyara riga, fuskar nan cike da fara'a.

"Allah shi ba ka nasara, yau ranar farin ciki ce gare ni. Shekara da shekaru muna ganin mutanen ga baƙi ne. Ashe 'yan'uwanmu na, ba mu sani ba." Ya buɗe gafaka, ya fito da wasu takardu na ajami, ya miƙa. "Ga salsalar gidanmu. Malam Abdulhadi ƙanen kakan kakana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wansa ya tura shi tudun can shi tsare mishi gandu, can ajali ya same shi. Ga shi a rubuce, ga shaidar limamai uku. Mu da mun ɗauka bai bar baya ba, amma tunda sun ce su ne, wa zai ƙi dangi? Sai dai Allah shi ba ka nasara, ƙane ba ya gadon gandun da anka ba shi tsaro. Ɗiyan ƙane kuwa a gidan wa suke."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, malami ne, ya karɓi takardun ya karanta a bayyane. Sunan na nan, tudun na nan, har tsamiyar da ke gefen kabarin an ambata.

Malam Muttaka ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Ya tuna fura.

Balarabe ya miƙe bai san ya miƙe ba. "Ranka shi daɗe, akwai gyara. Wagga Gimbiya... ni jikanta ne. Uwata ɗiyarta ce. Kowa nan ya sani."

Mutanen Marke sunka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kakanni biyu a yini ɗaya! Mai gari, bar mana ɗaya mana."

Alhaji Misbahu ya tsawatar. Ya dubi Balarabe, ba da fushi ba, da wani abu mai kama da gajiya.

"Mai gari, sau biyu na tambaye ka. Na tambayi jama'arka. Yanzu maganarka biyu ce a gabana, ɗaya da sa hannunka da shaidar dattawa bakwai, ɗaya ta fito bayan ka ga inda ta farko ta kai ka. Wace zan kai Gusau? In na kai ta biyu, na rubuta cewa mai neman sarauta ya yi shaidar zur gaban kwamiti, ka san abin da wannan ke nufi yanzu." Sa'annan ya ce, "Ita uwar taka tana da rai?"

"Tana da rai."

"A kira ta. In ta faɗi da bakinta, zan rubuta na ji daga wadda ta gani."



"Tana Shinkafi," in ji wata murya daga danga. "Shi ya tura ta da safe."

Alhaji Misbahu ya duba agogo. Suna da ƙauye biyu kafin magariba, gobe kuma rahoto zai shiga. Ya ce in mutanen Tunga na da ƙorafi su rubuto. Anka yi addu'a, Maiwada ne ma ya ja ta, ya roƙi Allah ya ƙara haɗa kan zumunta. Mota ta tashi.

Gab da magariba Inna Yalwa ta dawo a bayan motar albasa, zaune bisa buhunan wofi. Tun a hanya labari ya tarye ta. Ta sami Balarabe a zaure shi kaɗai, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Kulsumu na gaishe ka," ta ce. "Na same ta tana daka."

Bai ɗago ba.

"An ce Bature ya rubuta sunan tsohuwata."

"Ya rubuta, Inna."

"Da giyar da komai?"

"Da komai."

"Kafiri bai ji kunyar rubuta ta ba." Ta zauna a dokin ƙofa, ta daɗe tana murza gwiwa. Ya jira zagi, ya ma fi son zagin. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Mutum goma sha ɗaya ramin ga ya ci ina gani. Ita ta wanke su, don ba mai taɓa su. Ban gaya wa malamin ba, na manta. Da ya sa."

Sun rubuta ƙorafi. Malam Muttaka ya rubuta shi kafin ya nemi canjin makaranta, wannan karon da gaskiya tsirara, har da waƙar caca. Balarabe ya kai Gusau da kansa sau uku. Na farko an ce a dawo, na biyu an ce mai fayil ya tafi Umara, na uku wani akawu ya tausaya mishi ya ce, "Baba, takarda ta riga ta fita, kada ka ƙara ɓata kuɗin mota." Inna Yalwa ba ta kai ga jin na ukun ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta a farkon kaka, ta tafi da tsakar kanta da duk abin da ke ciki.

Da ruwa ya janye, lokacin dashen albasa, mutanen Marke sunka zo da igiya da turaku. Ba faɗa, ba zagi. Hakimi ya ce za a sake rabon gandu tsakanin dangi, manya su fara zaɓa, kamar yadda anka gada. Manya sunka zaɓi bakin ruwa. Ƙanne, wato mutanen Tunga, anka ba su can sama wurin tsakuwa, inda ko guga sai an ƙara mata igiya biyu. Anka tumɓuke jigunan da sunka shekara hamsin, anka dasa injuna. Ƙararsu tun safe har yamma, ko sallama ba a ji.

Gidan farko da ya tashi Kasuwar Daji ya koma, mai gidan ya sayi babur yana haya. Na biyu da na uku Ƙaura, dako a tasha. Wasu sunka bi dangi Katuru. Ba wanda ya yi wa Balarabe bankwana da baƙar magana, ai da bakinsu anka yi. Sai dai su tsaya a ƙofar zaure, kaya a ka, su ce, "Mai gari, sai wata rana," shi kuma ya ce Allah shi kiyaye hanya. Kafin damina ta zagayo, gida goma sha uku sunka rage, yawanci tsofaffi. Makaranta ta koma ɗakin ajiyar taki.

Shi ba a tuɓe shi ba. Maiwada ya ce ai ba a wulaƙanta ɗan'uwa, ya bar mishi mai unguwa, da sharaɗin duk Juma'a ya zo gaisuwa Marke kamar sauran.

Juma'ar farko ya tafi a ƙasa, don ba mota. Ya so ya zauna a baya wurin takalma. Maiwada ya hango shi.

"A'a, a'a! Ƙanena, can za ka zauna? Matso nan kusa da ni. Ku ba shi wuri, jinin Malam Abdulhadi ne."

Anka buɗa mishi hanya. Ya ratsa ta tsakanin gwiwoyin mutane, ya zauna a gefen buzun hakimi. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi kukan komai da baki. Girmama shi suke, da gaske, kamar yadda ya so tun yana yaro. Hakimi ya sa hannu a aljihu, ya zaɓo farin goro babba, ya miƙa mishi gaban kowa.

"Yaya mutanenmu na Tunga? Ina fata ba abin da ke damunsu."

Balarabe ya karɓa da hannu biyu.

"Babu, ranka shi daɗe," ya ce. "Sun ce a gode."